Fam 39 Don a Shaida Ba Ni da Lafiya

Ƙarfe biyu da rabi na dare, cikin Janairun 2023, ina zaune a ƙasan banɗaki na jingina da bahon wanka, bargo a kafaɗa, bokiti a gabana. Tun bayan isha'i abu ɗaya nake yi, in ba amai ba gudawa. Cutar nan ce da ke bin gidajen tsofaffi duk hunturu a Ingila, norobairos. Ta riga ta kwantar da tsofaffi shida a hawa na biyu na gidan da nake aiki a garin Lesta, ga shi ta biyo ni har gida. Amma wallahi a daren nan ba cikina ne ya fi damuna ba. Ƙarfe bakwai na safe zan karɓi aiki, watana uku kacal a ƙasar, kuma masu gidan tsofaffin su ne suka tsaya mini na samu biza. Na ji ana cewa in ma'aikaci irina ya yi fashin aiki fiye da kwana goma a jere ba izini, dole su kai rahotonsa ma'aikatar cikin gida. Kwana ɗaya zan yi fashi, ba goma ba, amma tsoro ba ya lissafi. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne, wa zai yarda da ni ba takarda?

Na jawo waya na rubuta abin da nake nema. Kafin in ƙifta ido shafuka sun cika fuskar wayar, kowanne da hoton likita mai farar riga yana murmushi, kowanne yana alƙawarin takardar likita kafin gari ya waye. Na zaɓi wanda ya fi kama da na mutanen kirki. Suka ba ni fom: me ke damunki, tun yaushe, kwana nawa kike so. Wannan tambayar ta ƙarshe ya kamata ta tsayar da ni, don ban taɓa jin inda likita ke tambayar majinyaci kwana nawa yake so kamar mai awon hatsi ba. Ba ta tsayar da ni ba. Suka ce in ɗauki hoton fasfona, na ɗauka. Suka ce in yi ɗan bidiyo ina bayanin ciwon da bakina, na gyara ɗankwali na yi, leɓe a bushe, ido ya faɗa. Sai kuɗi, fam 39. Ina cikin shigar da lambar kati maigidana ya turo ƙofa, ido duk barci.

"Ke kuwa me kike yi da katin banki a banɗaki?"

Na ce takardar likita nake saye. Ya tsaya yana kallona, sannan ya tafi ya dafa mini ruwan zafi.

Wajen shida da kwata takardar ta shigo ta imel. Kyakkyawa ce, ba laifi: tambari shuɗi a sama, sunana daidai, sunan wani likita da ban taɓa jin muryarsa ba, da jimla biyu masu cewa bisa bayanin da na bayar, ban dace da aiki ba na kwana uku. Na tura wa manajarmu ina jin kamar na sauke dutse. Minti goma ba a yi ba ta kira ni. Baturiya ce mai shekara hamsin da ɗoriya, irin masu magana a tsaye. Ta ce sannu, ta ce kada in kuskura in tako gidan sai na yi awa 48 cur ba amai ba gudawa, don ƙa'idar ke nan ga mai wannan ciwo. Sannan ta ce, wannan takardar fa, nawa na biya? Na faɗa mata. Ta yi shiru, ta ce ai kiran waya kawai ake buƙata. In na dawo akwai fom mai shafi ɗaya a ofis, in cike da hannuna in sa hannu, shi ke nan.

Kaza ta kwana a kan dami. Fam 39 a lokacin ya kusa kuɗin aikina na awa huɗu, ina ɗaga tsofaffi ina canza musu zanen gado.

Ga yadda abin yake a Birtaniya, ga duk wanda zai zo ko yake da ɗan'uwa a nan. In rashin lafiya ta hana ka aiki kwana bakwai ko ƙasa da haka, ba a neman takardar likita. Kai ne shaidar kanka. Ka sanar da wurin aiki a kan lokaci, in ka dawo ka cike fom, ko nasu ko na gwamnati da ake kira SC2. Kwana bakwan nan kuwa har da Asabar da Lahadi da ranakun da ba ka da aiki ake ƙirgawa. Sai ciwo ya wuce mako guda ake maganar takarda, kuma wannan kyauta ce a hukumar lafiya ta ƙasa, NHS. Dalilinsu a fili yake: likitan unguwa, wanda suke kira GP, layinsa ya riga ya yi tsawo, ba sa son mai mura ya je ya tare wa mai ciwon zuciya wuri don kawai a buga masa hatimi. Mai amai da gudawa ma roƙonsa ake ya zauna a gida kada ya je ya raba wa jama'a. In wurin aikinka ya nace sai ka kawo takarda a cikin kwana bakwan farko, likita na iya cajinka kuɗi, don wannan ba ya cikin aikin da gwamnati ke biyansa.

To me ya kai ni? Na daɗe ina tambayar kaina, amsar kuma tana Zariya.

Kafin in zo nan shekara shida na yi ina akawu a ofishin wata makarantar sakandare mai zaman kanta. A cikin durowar ƙarfe ta biyu akwai wani koren fayil da igiyarsa ta tsinke aka ɗaure da roba, a ciki nake jera takardun uzurin malamai, abin da ma'aikata ke kira eskiyus. Har yanzu ina ganinsu a idona: rabin takarda, hatimi mai ruwan algashi da ya ɗan zame gefe, rubutun likita kamar tafiyar tsutsa, wani lokaci da maiƙon ƙosai a kusurwa. Shugabar makarantar ba ta karanta abin da aka rubuta. Takardar take ɗagawa sama ta duba hatimi. In na asibitin gwamnati ne ta miƙo mini, in na asibitin kuɗi ne ta taɓe baki, in babu takarda gaba ɗaya ta ce in rubuta a cire kuɗin ranar.

Akwai wani malamin lissafi da taifot ta kama sau uku a zango ɗaya, kuma duk ukun sun faɗo daidai lokacin da ake girbin masara a ƙauyensu. Takardunsa ba su da aibu ko ɗaya. Kowa a ofis ya san akwai wani a bakin ƙofar wani asibiti da ke shirya irinsu, farashinsu ma an sani. Akwai kuma wata malamar Hausa da ta yi ɓari a gida cikin dare, surukarta da wata unguwarzoma suka kula da ita, ta yi kwana biyar ba ta iya miƙewa. Ta dawo fuska fari fat, tana bin bango. Ba ta da takarda. Da hannuna na rubuta a cire mata kwana biyar, kuma har gobe in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 16, ta ba ma'aikaci haƙƙin albashinsa har kwana goma sha biyu na aiki a shekara in rashin lafiya ce ta kwantar da shi, amma da sharaɗin likita mai rajista ya shaida. Mai ƙarya ya cika sharaɗin, mai gaskiya ba ta cika ba. A wannan ofis na koyi cewa maganar mutum ba ta da nauyi sai an buga mata hatimi, na ƙullo wannan karatu a bakin zane na hau jirgi da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

Abin ma ba yau ya fara ba. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani gutsuren dutse daga Masar, daga ƙauyen ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna, Deir el-Medina. An yi rubutun a shekara ta 40 ta mulkin Fir'auna Ramsis na Biyu, sama da shekara dubu uku ke nan. Rajistar fashin aiki ce: sunayen ma'aikata arba'in, kowanne da ranakun da bai zo ba da dalilinsa. Wani ciwon ido, wani kunama ta harbe shi, wani mahaifiyarsa ba lafiya, wani kuma ya tsaya dafa giya. Da na karanta labarinsa dariya na yi, na ce ashe akawun Fir'auna ma yana da koren fayil.

Takarda ta gaskiya sai a watan Mayun 2024 na neme ta. Wata tsohuwa ce ta zame daga bakin gado, na tare ta da jikina kafin abokiyar aikina ta jawo na'urar ɗagawa. Tsohuwar ba ta ji komai ba, ni kuwa na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Washegari ko safa ban iya sa wa kaina ba. Na kusa cinye kwana bakwai na shaidar kai, baya bai saki ba. Ranar ta shida na shiga shafin asibitin unguwarmu, inda nake da rajista, na cike fom ɗinsu. Shi ma ta intanet ne, shi ma a waya, ina kwance a kan kafet da matashi ƙarƙashin gwiwa. Amma tafiyar ba ɗaya ba ce. Da la'asar sai ga kira. Mai gashin ƙashi ce ta asibitin, fayil ɗina a buɗe a gabanta. Ta tsare ni da tambayoyi kusan minti ashirin. Ciwon yana sauka ƙafa? Ƙafa ɗaya ko biyu? Akwai inda ya mutu ba na ji, musamman tsakanin cinyoyi? Fitsari yana fita daidai, ina iya riƙe shi? Na ji kunya, na amsa. Daga baya ta gaya mini dalili: in da na ce e ga waɗannan na ƙarshe, ba maganar takarda za mu yi ba, cewa za ta yi in tafi sashen gaggawa a daren, don alama ce ta jijiyoyin ƙasan laka sun matsu, kuma jinkiri na iya barin mutum da lahani na har abada. Ta sa na tashi na gwada sunkuyawa ina gaya mata inda na tsaya. Ta ba ni ranar da zan zo ta taɓa bayan da hannunta. Bayan awa ɗaya saƙon tes ya shigo, na latsa, ga takardata ta mako biyu. Ko kwabo ban biya ba.

Wannan takarda sunanta a hukumance Med 3. Da can takardar rashin lafiya ake ce mata, amma tun Afrilun 2010 aka sauya mata fasali da suna, ta koma takardar iya aiki. Ba wasa da kalmomi ba ne kawai. Akwai akwati biyu a jikinta. Na farko ya ce ba za ka iya aiki ba. Na biyu ya ce mai yiwuwa ka iya in an sassauta maka, sai a zaɓa: ko ka dawo a hankali, ko a rage maka awoyi, ko a canza maka irin aikin, ko a gyara wurin aikin. Takardata ta farko akwatin farko aka yi wa alama. Ta biyu, bayan mako biyu, aka koma na biyu, aka rubuta kada in ɗaga nauyi. Manaja ta mayar da ni raba shayi da rubuta rahoto da zama da tsofaffin da ke son hira. In da ta ce ba ta da irin wannan aikin, doka ta ce a ɗauki takardar kamar an ce ban iya aiki ba, ba sai na koma an sake wata ba. Haka kuma in ka warke kafin ranar da aka rubuta, kana iya komawa in kun daidaita da wurin aikinka, ba a neman wata takardar sallama.

Annobar korona ce ta tura duk wannan cikin waya. A Maris 2020, da aka ce kowa ya killace kansa, NHS ta buɗe hanyar da mutum zai amsa tambayoyi a intanet a turo masa takardar killacewa ba tare da ganin kowa ba. A ƙarshen 2021 har an ɗaga kwanakin shaidar kai daga 7 zuwa 28 na 'yan makonni, don likitoci su samu sararin yin rigakafi. Daga Afrilun 2022 aka daina buƙatar sa hannu da biro a kan takardar, sunan wanda ya bayar ya wadatar, shi ya sa take iya zuwa ta tes ko imel. Daga 1 ga Yulin 2022 kuma aka buɗe ƙofa ga nas-nas, da masana magunguna, da masu gashin ƙashi, da masu koya wa majinyaci komawa harkokinsa na yau da kullum, su ma su riƙa bayarwa. Shi ya sa tawa ba ta bi ta hannun likita ba sam.

Makonni kaɗan kafin bayana ya riƙe, a Afrilun 2024, Firaminista na lokacin Rishi Sunak ya yi jawabi yana kukan cewa karɓar takardar rashin lafiya ta zama al'ada a ƙasar. Ya kawo alƙaluma: takardu kusan miliyan 11 a shekara guda, kashi 94 cikin ɗari an yi musu alama a akwatin farko. Ina kwance a kafet ina tuna jawabin ina lissafin kaina. Kuɗin jinya da doka ta tilasta wa mai aiki ya biya a shekarar fam 116.75 ne a mako, kuma a lokacin kwana ukun farko ba a biyan komai. Mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 11.44 ne a awa. Wato jinyar mako guda daidai take da aikin awa goma da 'yan mintoci, ni da nake yin awa arba'in da wani abu. Ban san waɗanda Firaminista ke nufi ba a unguwarsu, amma a hawa na biyu na gidanmu matsalar da na gani da idona kishiyar wannan ce: mata 'yan Najeriya da Zimbabuwe da Indiya suna haɗiye farasitamol a ɗakin canza kaya su fito suna murmushi, saboda haya ba ta san mura ba. Wanda ke ƙaryar ciwo a kan fam 116 ai ya cuci kansa.

To su waɗancan shafuka na kuɗi fa, haram ne? A'a, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Likita mai lasisi yana da damar duba mutum ta waya ko bidiyo ya rubuta masa wasiƙa a karɓi kuɗi. Akwai ma inda suke da amfani: ɗalibin da ya zo daga waje bai riga ya yi rajista da asibitin unguwa ba, ko wanda jami'a ta ba kwana kaɗan ya kawo shaida kafin a ɗaga masa jarrabawa. Sai dai abin da suke bayarwa wasiƙa ce ta kuɗi, ba Med 3 ba, kuma ya rage ga mai aiki ko makaranta su duba su karɓa ko su ƙi. Da na koma na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan shafin da na biya, da kansu sun rubuta cewa ba su da alhaki in an ƙi karɓa. Jimlar nan ta "bisa bayanin da ta bayar" ita ce mafakarsu. Likitan bai ce ya ga ina ciwo ba. Cewa ya yi na ce ina ciwo. Na biya fam 39 an maimaita maganata da Turanci mai kyau.

Wanda dole ta kai shi, ga abin da nake gaya wa sababbin zuwa. A duba sunan likitan da lambarsa a rajistar hukumar likitoci, GMC, a buɗe take ga kowa a intanet, minti biyu ya isa. A duba ko kamfanin yana da rajista da CQC, masu sa ido a kan wuraren kiwon lafiya a Ingila. Sannan babbar tambaya: akwai ɗan'adam da zai yi magana da kai, wanda zai iya cewa a'a? Shafin da ya yi maka alƙawarin takarda tun kafin a ji ciwonka, kanti ne. Ƙasa da su kuma akwai masu sayar da fankon takarda ka cike da kanka, da sunan asibitin da bai san da zamanka ba. Wannan jabu ce tsagwaronta, tana kai mutum ga kora nan take, tana iya kai shi gaban alƙali, ga mai biza irin tawa kuwa kora daga aiki tana iya zama tikitin komawa gida. Wani abin da bai zo mini a rai ba a daren nan sai daga baya: hoton fasfona da bidiyona ina galabaice suna hannun mutanen da ban san ko a wace ƙasa suke ba.

Wata ƙawata 'yar Zangon Kumasi da ke aure a Hamburg ta ce mini su a Jamus an fi nan tsanani, an kuma fi nan sauƙi. In ciwo ya wuce kwana uku dole takarda, mai aiki ma yana iya nema tun ranar farko. Amma albashi cikakke ake biya har mako shida. Tun Janairun 2023 ba ka ɗaukar takarda ka kai ofis, likita ne ke aika wa kamfanin inshorar lafiya, mai aiki ya jawo ta kwamfuta. Tun Disambar 2023 likitan da ya san ka yana iya ba ka har kwana biyar ta wayar tarho in ciwon mai sauƙi ne. Irin tawa ta fom kuwa, wadda ba a yi magana da kowa ba, wata kotun ma'aikata a Berlin ta yanke tun 2021 cewa ba ta isa hujja ba.

Mu a gida takardar intanet ɗinmu ta riga ta Turawa zuwa, sunanta WhatsApp. Yayana likita ne a Kano, kuma na sha ganin wayarsa in na je hutu. "Yaya barka da dare, don Allah 'yar takarda za a taimaka mini da ita, na yi fashin tes." "Dakta, yaron nan ne zai tafi sansanin bautar ƙasa, an ce sai da shaidar lafiya, ga sunansa." Wata gwaggonmu har gida ta zo a kan ɗanta, da ya tafi biki Kaduna ya bar aiki kwana huɗu.

"Haba ɗan nan, layi biyu ne fa. Hannunka zai karye?"

"Gwaggo, ba hannuna zai karye ba, lasisina ne zai karye. In yana ciwo ki turo shi gobe, ni zan duba shi da kaina, ko sisi ba zai biya ba."

"To ai ya warke."

"Alhamdu lillahi. Sai ya je ya ba su haƙuri."

Ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Ni ma a lokacin na ga kamar ya cika tsauri, sai da na zo nan na fahimce shi. Takardar likita shaida ce, irin wadda ake bayarwa a gaban alƙali. Abin da ke ba ta daraja shi ne wanda ya sa hannu yana da abin da zai rasa in ya yi ƙarya, don hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, tana iya dakatar da shi ko ta soke sunansa. Yaya bai ƙi waya ba. Yana duba tsofaffin majinyatansa ta bidiyo, masu hawan jini da suga da ya san fayil ɗinsu kamar tafin hannunsa. Amma in baƙo ya kira ya ce zazzaɓi, amsarsa ɗaya ce, a je a yi gwajin jini, don ta waya ba a bambance maleriya da taifot da farkon sanƙarau. Ya taɓa ce mini abin da ke ba shi tsoro ba malalacin da zai samu hutun banza ba ne. Wanda ke ba shi tsoro shi ne mai ciwon gaske da zai karɓi takarda ya ɗauka an duba shi, ya koma ya kwanta.

Maganar makarantar yara gajeriya ce. 'Yata tana aji uku a firamare a nan. In ta kwana da zazzaɓi, kiran ofishin makaranta nake yi kafin a shiga aji in faɗi abin da ke damunta, kullum har ta warke. Ƙa'idar ma'aikatar ilimi ta ce kada makarantu su riƙa neman shaidar likita a kan kowane ƙaramin ciwo, sai in suna da dalilin shakka ko fashin ya yi yawa, kuma ko a nan katin ganin likita ko kwalin maganin da aka rubuta wa yaron yana iya wadatarwa. Med 3 ta ma'aikata ce, ba a ba yara. Inda iyaye ke faɗawa rami shi ne tafiya gida. Tikitin jirgi ya fi araha kafin a ba da hutu, sai a ce yaro ba lafiya a wuce Abuja. Tun Agustan 2024 tarar fashi ba izini fam 80 ce ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 in ba a biya cikin kwana 21 ba. Wata maƙwabciyata ta sayi takarda a intanet don ta rufe irin wannan tafiya. Yaron ya dawo ranar Litinin da lalle a hannun ƙanwarsa da labarin rakumin da ya gani, ya ba malamarsu tas.

Har yau shafin nan bai manta da ni ba. Duk shekara da sanyi ya fara shigowa, wajen ƙarshen Oktoba, sai ga imel ɗinsu da hoton mace ta rufa da bargo tana riƙe da kofin shayi, suna yi mini fatan alheri, suna tuna mini cewa a matsayina na tsohuwar abokiyar ciniki an yi mini rangwamen kashi goma. Na bana ya shigo ina ɗakin hutu a wurin aiki, kusa da wata yarinya 'yar Jos da ba ta fi sati biyar da zuwa ba, tana ta jan hanci tana ɓoye tishu a hannun riga. Na miƙa mata wayar ta karanta, sannan na tashi na buɗe durowar manaja ta ƙasa, na zaro mata fom ɗin nan mai shafi ɗaya.